Yadda ake gano ainihin launin fenti kafin a sabunta tsofaffin kayan noma

Wanda ya samu tsohuwar garma, ko haro (abin da ke farfasa ƙasa bayan huɗa), ko injin shuka, ko injin yankan ciyawa da ya shekara sittin ko tamanin, kuma yake son ya maido da shi yadda ya fito daga masana'anta, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya kankare tsatsar tas, sannan ya sayo gwangwanin fentin da aka rubuta sunan kamfanin a jikinsa. Wannan tsari a juye yake. Fentin da ake sayarwa da sunan kamfani yawanci launin wani zamani guda ne, alhali kamfanoni da yawa sun sauya launi sau biyu ko uku, wasu kuma sun riƙe launin amma sun sauya zurfinsa. Kankarewar kuwa, musamman idan da feshin yashi aka yi ta, tana share shaidar da ta fi kowace ƙarfi, wato ragowar fentin farko da ke maƙale a lungunan ƙarfen. Saboda haka batun launi ana gama shi ne tun kayan yana nan da dattinsa, kafin a kwance noti na biyu, kuma kafin a kashe ko sisi wajen mai fenti.

Abu na farko shi ne a san wane ne ya ƙera kayan, wane samfuri ne, da kuma shekarar da aka yi shi, ko da da ƙiyasi ne. A duba farantin lamba idan yana nan, domin shi ne ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da lambar jeri. Kayan da ake ja da dawaki ko shanu galibi ba su da wannan faranti, sai dai lambobi da haruffan da aka zubo tare da ƙarfen, a jikin kujera, ko a cibiyar ƙafa, ko a murfin akwatin iri. A goge waɗannan wurare da burushi mai taushi, a shafa alli a kansu don su fito, a rubuta su yadda suke. Wasu kamfanoni, irin su International Harvester, sun riƙa zuba kwanan wata a jikin sassa, inda harafi ɗaya yake wakiltar shekara. Sai dai a lura cewa kujerar ƙarfe ita ce sashen da aka fi musanyawa, don haka sunan da ke jikinta shi kaɗai ba ya isa hujja. Sai lambobin firam da na ƙafafu sun yi daidai da ita sannan a amince.

Dalilin nacewa a kan shekara zai fito fili idan aka dubi tarihin 'yan kamfanoni kaɗan. Taraktocin Farmall da kowa ya sani da ja, ruwan toka ne aka riƙa yi musu, da jajayen ƙafafu, har zuwa watan Nuwamban 1936 lokacin da International Harvester ya koma ja. Ko jan ma bai tsaya wuri ɗaya ba, domin wanda aka fara da shi mai lamba 50 ne, wanda aka fi samu a kasuwa yanzu kuwa mai lamba 2150 ne, na shekarun da suka biyo baya. Allis-Chalmers kore ya riƙa shafawa kafin 1929, sannan ya koma launin lemo da ya kira Persian Orange, wanda shi ma daga baya aka fito da na biyunsa. Case ya bar ruwan toka a 1939 ya ɗauki Flambeau Red, wanda duk da sunansa ya fi karkata ga lemo. A Ingila, Fordson samfurin N da aka ƙera a Dagenham ta fara da shuɗi, ta koma lemo a 1937, sannan ta koma kore a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato tarakta ɗaya da launi uku cikin shekarun da ba su kai goma ba. David Brown ya bar jansa a 1965 ya koma fari da ruwan ƙasa. Lanz Bulldog ta Jamus, wadda aka sani da shuɗi, ta koma kore da rawaya ba da daɗewa ba bayan John Deere ya sayi kamfanin a 1956.

Misalin Ford da Ferguson ya fi nuna yadda kuskure ke yaɗuwa har ya zama kamar gaskiya. Ford 9N ta 1939 da 2N da ta biyo ta, ruwan toka ne tun daga sama har ƙasa. 8N da ta fito a 1947 ce ta zo da jan ciki da kwano mai ruwan toka mai haske. Da yake wannan haɗi ya yi farin jini, an shafa shi a kan 9N da 2N masu ɗimbin yawa, har mutane da dama suka ɗauka haka aka yi su. Ferguson TE20 ta 1946 ruwan toka ce zalla, FE35 ta 1956 kuwa ta fito da kwano ruwan toka da inji ruwan zinare, kafin a koma ja da ruwan toka a ƙarshen 1957 ƙarƙashin sunan Massey Ferguson. Wanda ya ga wannan suna ya ɗauko jan fenti ba tare da duba lambar jeri ba, zai iya binne ruwan zinaren da shi ne ya fi ba wa taraktar daraja.

Wani zato da ya kamata a ajiye shi gefe shi ne cewa abin da tarakta ke ja dole launinsa ya zama na taraktar. Wani lokaci haka ne, kamar kayan Ferguson na farko da suka bi taraktar da ruwan toka. Amma kamfanin da ya yi fice da ja kamar International Harvester ya yi amfani da shuɗi sosai a sassan garmuna da sauran kayan da ake ja. Kayan zamanin dawaki kuwa sun fi waɗanda suka biyo bayansu ado nesa ba kusa ba, domin abu ne da aka saba a ga firam da launi ɗaya, ƙafafu da wani, hannuwan sarrafawa da na uku, ga kuma siraran layuka da rubutu a jikin katako. Ƙananan masana'antu da yawa sun ƙera kaya suna sayar wa manya, ko kuma babban kamfani ya saye su ya ci gaba da fitar da kayansu da tsohon launi na ɗan lokaci. Don haka tambayar da za a yi ba ita ce mene ne launin wannan kamfani ba. Tambayar ita ce wane launi aka shafa wa wannan sashe, na wannan samfuri, a wannan shekara.

Daga nan sai a koma jikin kayan, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Rana da ruwa da gogayya su ne ke cinye fenti, saboda haka a nemi inda ukun nan ba su kai ba. A kwance noti guda a hankali, a ɗaga zoben da ke ƙarƙashinsa, sau da yawa za a tarar da da'irar fenti da ba ta fi faɗin sulalla ba, tana nan da ƙarfinta a tsakiyar tsatsa. A duba bayan farantin lamba, da tsakanin ƙarafa biyu da aka ɗaure su da juna tun a masana'anta, da cikin akwatin spana, da ƙarƙashin kujera, da cikin murfin giya, da bangon ciki na akwatin iri, da gefen ƙafa da ke fuskantar firam. Wurin da girisi ya haɗu da ƙasa ya daskare ya yi ɓawo shi ne ma'aji mafi kyau. Kada a sa masa burushin waya. A ɓanɓare shi da guntun katako ko roba, a wanke wurin da tsumma da ɗan kananzir, sannan da ruwa da sabulu. A guji soda mai ƙarfi da tina a wannan mataki, domin suna narkar da tsohon fentin mai nan take, kuma abin da suka ɗauke ba ya dawowa.

Inda tsatsa ta yi yayyafi a kan fenti ba tare da ta cinye shi ba, ruwan sinadarin ogzalik da aka tsarma sosai yakan ɗauke tsatsar ya bar fentin, har wani lokaci rubutun da ba a san da shi ba ya bayyana. A fara gwada shi a ƙaramin wuri, da safar hannu, a kuma ɗauraye da ruwa mai yawa. Kowane wuri da aka samu launi a ɗauki hotonsa, a zana taswirar kayan a takarda, a rubuta abin da aka gani a kowane sashe. Wannan taswira tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin bayan an kwance kayan gunduwa-gunduwa, babu mai iya tuna ko wancan ƙaramin hannu baƙi ne ko ja.

Idan an taɓa sake wa kayan fenti, kuma yawancinsu an taɓa, sai a buɗe taga a cikin fentin don a ga abin da ke ƙasa. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe da fentin ya yi kauri, a ɗauki sanfefar ruwa mai laushi, lamba 600 zuwa 1000, a jiƙa ta, a riƙa gogawa a kewaye da kan yatsa ɗaya, ana matsawa a tsakiya fiye da gefe. Bayan 'yan mintoci za a ga farin ƙarfe ya leƙo a tsakiya, launuka kuma sun kewaye shi zobe-zobe kamar an yanka albasa. Zoben da ke manne da ƙarfe shi ne mafi tsufa, na waje kuma shi ne na baya-bayan nan. A duba da gilashin ƙara girma. Idan akwai siririn layin datti ko tsatsa a tsakanin zobe biyu, alama ce cewa na ƙasan ya sha aiki a gona kafin a ɗora na saman, wato ba a masana'anta aka yi su tare ba. Idan kuwa sun manne tsaf babu komai a tsakani, mai yiwuwa shafi biyu ne na aiki ɗaya. Ya kamata a buɗe irin wannan taga a kan kowane babban sashe, ba a wuri ɗaya ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da fentin shimfiɗa, wanda ake fara shafawa don ya kama ƙarfe. Ja mai duhu da ya karkata ga ruwan ƙasa, marar sheƙi, yawanci shimfiɗa ce ta sinadarin tsatsar ƙarfe. Wanda ya karkata ga lemo mai haske kuwa yana iya zama jan dalma. Ba su ne launin kayan ba, ko da su kaɗai suka rage. A ɗaya ɓangaren kuma, kayan noma da yawa ba a yi musu shimfiɗa ko kaɗan ba, tsoma sassan aka yi a cikin kwarmin fenti, aka rataye su suka bushe. Alamar haka ita ce fenti mai kauri da ya taru a gefe ɗaya, da ɗigon da ya daskare a ƙarshen ƙarfe, da fenti a cikin ramukan da burushi ba zai kai ba. Idan aka ga haka, launin da ke kan ƙarfe kai tsaye shi ne na asali. Akwai kuma yanayin da launin ƙasa na gaskiya ne amma na musamman. A 1950 International Harvester ya fitar da wasu Farmall Cub da Super A da C farare don talla a wuraren dillalai, kuma da yawansu an mayar da su ja kafin a sayar. Fari a ƙarƙashin ja a irin waɗannan ba shimfiɗa ba ce.

Samun ragowar fenti bai nufin an samu launin yadda yake ranar farko ba, domin fenti yana tsufa, kuma kowane launi da irin tsufansa. Ja yakan koɗe ya yi fari-fari, ya riƙa barin gari a hannu idan an shafa. Tsohon kore galibi haɗin rawaya da shuɗi ne, kuma da yake biyun ba sa jure rana da iska daidai da juna, koren da ya sha waje yakan karkata ga ɗayansu. Fentin da aka haɗa da man linsid yana ƙara yin rawaya-rawaya idan ya daɗe a duhu, shi ya sa fari ko ruwan toka da aka tono a bayan faranti kan fito kamar ruwan madara. Girisi ma yana shiga jikin fenti ya sa shi duhu. Dabarar ita ce a goge saman da ya mutu da man goge mota har a kai ga lafiyayyen fenti, sannan a ɗan jiƙa wurin da ruwa a duba shi yana ɗanye, domin danshi yana maido da zurfin da sheƙi ke bayarwa. A kwatanta wurare uku ko huɗu. Na rana zai fi haske, na ƙarƙashin girisi zai fi duhu, ainihin launin kuma yana tsakaninsu, kusa da wanda aka samu tsakanin ƙarafa biyu busassu.

Duk wannan gogayya tana tayar da batun da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsohon fentin kayan noma, musamman ja da rawaya da lemo da kore, sau da yawa yana ɗauke da gubar dalma. Ko a Amurka, haramcin da aka yi a 1978 ya shafi fentin gidaje da kayan amfanin jama'a ne, bai haɗa da na injinan noma da masana'antu ba, don haka kayan da aka ƙera bayan wannan shekara ma ba a cire su daga zargi ba. A yi gogayyar da ruwa don kada ƙura ta tashi, a sa takunkumi mai tace ƙura, kada a ƙona fentin da wuta, kada a ci abinci a wurin, kuma a nisantar da yara da kayan aikin da tufafin da aka yi aikin da su.

Bayan shaidar ƙarfe sai shaidar takarda, kuma takardu ba darajarsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi su ne na cikin kamfani. A zamaninsa, International Harvester yana da kwamitin fenti da ya riƙa yanke shawara a rubuce a kan launin sassan samfuransa, kuma waɗannan takardu suna ajiye a Cibiyar Tarihi ta Wisconsin da ke Madison. Gidan tarihin rayuwar karkara na Jami'ar Reading a Ingila yana riƙe da takardun kamfanonin kayan noma na ƙasar, ciki har da na Ransomes na garin Ipswich. Ƙungiyoyin masu tara tsofaffin injina ma sukan tattara lambobin fenti da katunan launi na dillalai. Littafin sassa da na koyar da aiki ba kasafai suke faɗin launi ba, amma suna taimakawa wajen gane ko wani sashe na asali ne ko ɗauko shi aka yi daga wani injin.

Kundin talla mai launi yana da amfani wajen sanin wane sashe ne ja, wane ne rawaya, amma ba a ɗaukar zurfin launi daga gare shi. Yawancin waɗannan hotuna zane ne, ko hoto marar launi da aka yi wa kala da hannu, mai zanen kuma burinsa ya ja hankalin mai saye. Ga shi tawadar ɗab'i ba fenti ba ce, takardar ma ta tsufa. Hotuna marasa launi na farkon ƙarni na 20 suna da nasu tarkon, domin fim ɗin wancan lokaci ba ya ganin ja sosai, sai ya fito da shi kusan baƙi, shuɗi kuma ya fito da haske. Mutum zai iya rantsuwa cewa ƙafafun garma baƙaƙe ne alhali jajaye ne. Hoton da aka gani a waya ko kwamfuta kuwa, kowane allo da yadda yake nuna launi. Mafi rauni a cikin shaidu, a ganina, shi ne wani injin da aka riga aka sabunta, komai kyansa a wurin baje koli, domin babu tabbacin cewa mai shi bai kwaikwayi kuskuren wani ba. Injin da ba a taɓa ba, ko da ya koɗe, ya fi goma da aka sabunta amfani.

Idan takarda ta ce abu kaza, ƙarfe kuma ya nuna wani daban, a fara tabbatar da cewa sashen na asali ne, kuma fentin da ake kallo shi ne na ƙasa. Idan an tabbatar, ƙarfe za a bi. Masana'antu sukan ƙarasa fentin da ya rage a kwarmi kafin su koma sabo, rassan kamfani ɗaya a ƙasashe daban-daban ba lallai su sayi fenti wuri ɗaya ba, lokacin yaƙi kuma an yi amfani da abin da ya samu. Wannan ma shi ya sa jayayya a kan ɗan bambancin da ido da ƙyar yake kamawa ba ta da wani amfani, tunda garmuna biyu da suka fito wata ɗaya ma ba lallai su zo daidai ba.

Yanzu sai maganar haɗa fentin. Hanya mafi inganci ita ce a kwance ƙaramin sashen da ya fi riƙe launinsa, a goge shi, a kai shi wurin masu haɗa fentin mota. Masu na'urar auna launi suna buƙatar wuri shimfiɗaɗɗe, mai tsabta, wanda ya ɗan yi faɗi, domin idan tsatsa ko lanƙwasa ta shiga bakin na'urar, sakamakon zai karkace. Idan wurin ya yi ƙanƙanta, sai a koma ga katunan launi a riƙa ɗora su kusa da shi. Tsarin RAL, wanda aka fara a Jamus a 1927 da launi 40, yana ba kowane launi lamba mai alƙaluma huɗu, inda masu farawa da 1 rawaya ne, 2 lemo, 3 ja, 5 shuɗi, 6 kore, 7 ruwan toka. Kayan Birtaniya kuma sau da yawa sukan yi kusa da wani launi a tsarin BS 381C. Amfanin lamba shi ne za a iya sake haɗa fentin a ko'ina bayan shekaru. Amma tsohuwar lambar kamfani ba ta ba da tabbaci ita kaɗai, saboda sinadaran da suka ba tsohon fenti launinsa, masu dalma musamman, an maye gurbinsu da wasu, kuma kamfanonin fenti biyu za su iya haɗa lamba ɗaya su fito da ja biyu.

Kada a yanke hukunci da kallon fenti a cikin gwangwani, ko da ɗigon da aka ɗora a murfi. A sa a haɗa kaɗan, a fesa shi a kan guntun kwano da aka yi wa irin shimfiɗar da za a yi wa kayan, da adadin shafin da za a yi, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, domin launi yana sauyawa idan ya bushe. Launin shimfiɗa yana da tasiri sosai a kan ja da rawaya da lemo na zamani, waɗanda ba sa rufe abin da ke ƙasa da kyau. Rawaya a kan shimfiɗa mai duhu takan yi kore-kore, a kan fara kuma ta yi haske, ja a kan ruwan toka mai duhu kuma yakan dushe. A fita da guntun kwanon waje, a ɗora shi gefen tsohon fentin da aka jiƙa, a duba a inuwa mai haske da hantsi, sannan a cikin rana. Fenti biyu za su iya zama ɗaya a ƙarƙashin fitilar shago su rabu a hasken rana, kuma tunda kayan noma a waje ake ganinsu, hasken rana ne alƙali. A kuma ja da baya taku goma a sake dubawa, domin launi a kan babban fili yakan fi yadda yake a ƙaramin kati haske da ƙarfi. Idan ana shakka tsakanin biyu, wanda ya ɗan fi dushewa ya fi yin kama da na da.

Sheƙi ma ɓangare ne na launi, kuma a nan ne aiki mai kyau yakan ɓaci. Kayan farkon ƙarni na 20 fentin mai aka yi musu, wasu aka bi da vanish. Daga shekarun 1930 fentin enamel na alkid ya yaɗu, mai sheƙi matsakaici wanda ke lafawa bayan ɗan lokaci. Fentin mota na zamani mai haɗi biyu, wanda ake bi da shafi mai sheƙi marar launi a sama, ya fi su ƙarko nesa, amma yana sa garmar 1930 ta yi ƙyalli kamar an jiƙa ta, ko da launin ya yi daidai. Wanda ke son kamannin asali, enamel na injinan noma ya fi dacewa da shi. Idan za a zuba masa sinadarin ƙara tauri, a san cewa yawancinsu suna ɗauke da isosayanet, wanda ke illa ga huhu, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi. Haka nan ba sai an cike ƙurajen ƙarfen zubi an mayar da shi sumul ba, domin masana'anta ba ta yi hakan ba.

Ba kowane sashe ake shafa wa fenti ba. Fuskar garma da ke juya ƙasa gogaggen ƙarfe ne, abin da aka shafa mata a masana'anta don kare ta daga tsatsa kafin a sayar ne, kuma yana gogewa a kunyar farko. Idan za a yi aiki da ita, girisi ko mai ya isa. Haƙoran giya, da sarƙa, da wuƙaƙen injin yanka, da wuraren zuba girisi, a duba abin da shaida ta nuna kafin a rufe su da launi. Notuna kuma sun danganta da yadda aka yi aikin tun farko: idan an haɗa injin kafin a fesa, launin firam ne a kansu, idan kuwa sassa aka tsoma dillali ya haɗa, za a same su baƙaƙe ko babu fenti. Rubutu da layukan ado da ke jikin katako ko kwano, a ɗora musu takarda mai shara-shara a kwafe su, a auna nisansu daga gefe, a haska su da tocila daga gefe don tudun tsohon fentin ya fito, duk kafin a goge. Tambarin kamfani ma yana sauyawa da shekaru, barewar John Deere kaɗai an sake zana ta sau da dama, don haka sitika ma sai an dace da shekarar.

Wani lokaci binciken yakan nuna cewa fentin asali ya rage da yawa, rabi ko fiye, har da rubutunsa. A irin wannan hali ina ganin barinsa ya fi sabuntawa, domin masu tara kayan tarihi da gidajen adana su sun fi daraja fentin masana'anta ko da ya koɗe. Sai a wanke shi, a tsayar da tsatsar, a shafa kakin goge ƙarfe ko siririn man linsid dafaffe, a share abin da ya yi yawa don kada ya yi danƙo. Tsummokin da aka yi aikin linsid da su suna iya kamawa da wuta da kansu idan aka dunƙule su, saboda haka a shanya su a buɗe ko a tsoma su cikin ruwa. Idan kuwa sabuntawar ce ta zama dole, a sayi fentin da zai isa aikin gaba ɗaya a haɗi guda, a juye gwangwanayen wuri ɗaya a gauraya kafin a fara, a ware kaɗan don gyaran gaba, sannan a rubuta lambar haɗin da sunan kamfanin fentin da irin shimfiɗar a bayan guntun kwanon gwaji, a ajiye shi tare da hotuna da taswirar a wurin da rana ba ta kaiwa.